Daminar da Haladu Ya Yi wa Dodon Koɗi

Haladu na Gude taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka tun muna yawo ba wando nake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi kuma ba shi da izinin yin fushi. In ka shiga kasuwar Kabo ka ga wani dogo baƙi mai wuya irin na zalɓe, ya tsuguna bayan kwandon salak yana yi wa mai saye wa'azi a kan ganye, to shi ne. Tsawonsa ya kai in ya sha koko da safe, sai wajen azahar yake isa cikinsa. Da ya ji zan rubuta labarinsa sai ya aiko mini da saƙo, wai in tuna yanzu Shari'a ta zo Kano, in na ƙara masa gishiri ko da ɗan yatsa ne zai tsayar da ni gaban alƙali. Na ce a gaya masa na ji, zan rage.

Kakanninmu masu shanu ne, daga baya suka zauna a Gude suka kama fartanya, amma Haladu bai gaji ko ɗaya ba. Saniya ta taɓa bin sa da gudu har ya hau kan rumbu, fartanya kuma ya ce tana sa masa ciwon baya. Wannan ban musa masa ba, don kafin ya gama sunkuyawa wani ya kai ƙarshen kunya. Gemu na fara tsiro masa ya tsere Kano, ya sami aiki a wata masaƙa. Shekarun nan mun sha kallo. Duk Sallah sai ya dawo da wando mai faɗin ƙafa yana share mana hanya kyauta, agogo a hannu, rediyo mai kaset a kafaɗa, yana tambayarmu wai har yanzu ruwan rijiya muke sha. Da abin da ya samu a can ya auri Badi'a 'yar garin Mainika, mace mai hankali, wadda har gobe ban gane abin da ta gani a jikinsa ba, sai dai ko inuwa.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Masaƙar ta rage ma'aikata, kuma da aka tashi ragewa da dogaye aka fara, don su ake fara hangowa. Haladu ya dawo Gude a bayan akori-kura, shi da Badi'a da katifa da rediyon nan. Agogon ya riga ya tafi tun a Kano. Rabonsa na gonar ubansa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, a kan tudu kuma, inda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito.

Abin da ya rage wa danginmu mai daraja shi ne wata 'yar fadama a bakin rafi, tana hannun Kawu Hammadu. Ni kawuna ne, shi Haladu baffansa ne, wan ubansa. Tsoho ne marar magana, wanda in ya ce maka "to" da safe, ya gama hirar ranar. Shanunsa sun ƙare saura kaɗan, amma sandar tana nan, kullum a gicciye bisa kafaɗa. Akwai mijin 'yarsa, Uwaisu, wanda ya mallaki ɗan injin ban-ruwa, lambunsa kuma na jikin fadamar, ya daɗe yana so a ba shi ya haɗe. Haladu ya je ya durƙusa ya roƙa. Kawu ya dube shi tun daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauki lokaci, sannan ya ce ya ba shi aro na rani ɗaya. In ya ga aiki, a ci gaba. In bai gani ba, Uwaisu ya shiga. Kowa ya san abin da ke bayan maganar: in fadamar ta kuɓuce, Haladu sai dako a tashar Kano, Badi'a kuma sai ta koma gaban iyayenta a Mainika ta jira abin da hali ya yi.

Mutane kan fara lambu tun da sanyi. Haladu ya fara nasa bazara na shigowa, kuma da hujjarsa. Azumin shekarar a tsakiyar zafi zai kama, lokacin da kowa ke neman ɗanyen ganye wajen buɗa-baki. Ya ce salak da lansir zai shuka, sa'ad da na kowa ya ƙare nasa zai fito, a zo ana layi. Ya faɗi haka a rumfata, inda nake facin keke a bakin hanyar fadama, da irin muryar wanda ya riga ya sayar yana neman inda zai ajiye ribar. Haladu bai taɓa shakkar kansa ba. Ko hanya ya ɓata, garin ne ya matsa.

Matsalar farko taki. Na zamani a shekarun nan sai mai hanya, in ka ga buhunsa ma sai ka yi masa sallama. Masu dabbobi na da na gida, Haladu kuwa ko kaza ba shi da ita. Sai ya tuna da wani kwazazzabo a bayan gari, ƙarƙashin tsofaffin mangwarori, inda ganye ya shekara da shekaru yana zuba yana ruɓewa har ƙasar ta koma baƙa wuluk, mai laushi. Ba wanda ya taɓa ɗibarta, don gangaren da wuya. Ya ari jakin Kawu, ya yi ta jigila mangala bayan mangala, har jakin ya koma in ya hango shi sai ya kwanta ya yi kamar ya mutu.

Ina wurin ranar da ya zazzage wata mangala. Cikin ƙasar katantanwa ce birjik, manya da ƙanana, busassu, kowace bakinta a liƙe da wani farin abu kamar ɓawon ƙwai. Na ce masa maƙabarta guda ya kwaso. Ya ɗauki ɗaya ya kaɗa a kunne, ya ce bazara ta gama da su tuni, kuma a Kano ya ji masana na cewa ɓawon nan ƙarfi yake ƙara wa ƙasa. Ban yi gardama ba, don gaskiya duk Gude abin da muka ɗauka ke nan. Dodon koɗi a wurinmu abin damina ne, ruwa ya kawo shi, rani ya kashe shi, yara su tsinci gidan su feƙe su yi wasan juyi da shi. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi inda na baɗi yake fitowa.

Ya kafa jigonsa a bakin rafi, ya ja fangali-fangali, wato 'yan filayen nan masu kewayen kunya da ruwa ke kwanciya ciki, ya baza baƙar ƙasarsa, ya yafa iri, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada rana ta ƙone tsiron. Ban-ruwa kuma da yamma, daga la'asar zuwa magariba, yadda kowa ke yi a fadamar tun zamanin kakanni, don ruwa ya kwana a ƙasa rana ba ta shanye shi ba. Sai dai inda wani zai zuba guga goma, Haladu sai ya ninka. Daga nesa ba ka bambance shi da jigon, dogaye biyu suna ta yi wa juna ruku'u.

Iri ya fito kuwa, shar da shi. Haladu ya zo rumfata ya ce in fara koyon ce masa Alhaji.

Bai yi nisa da wannan murna ba wata safiya ya tarar da fangali guda an aske shi tas, ko wanzami sai haka. Ya ce awaki ne, ya ƙara ƙaya a shinge har shi kansa da ƙyar yake shiga. Kashegari wani fangalin ya tafi. Ya ce tsuntsaye ne, ya farke kasusuwan rediyonsa da ya fi so, ya zare zarensu ya ɗaɗɗaura a kan karare, iska na kaɗawa suna ƙyalli. Fadama ta yi kyau kamar za a yi biki, ganye kuma ya ci gaba da ɓacewa. Ya zargi fara, ya zargi gafiya. Da ya rasa wanda zai zarga sai ya dawo kaina, wai bakina ne, tunda ni na fara ambatar maƙabarta. Na ce in da bakina na ci haka, da tuni na yi masa magana a kan tsawonsa ya ragu. Uwaisu ma ya leƙo jaje, yana ta "Allah ya kiyaye gaba," idonsa kuwa na auna inda tiyon injinsa zai bi.

Haladu ya sake yafa iri, ya ƙara ciyawa, ya ƙara ruwa. Ranar da asiri ya tonu, daga sallar asuba bai koma gida ba, ya zarce lambu gari na fara wayewa. Ya ga ƙasa duk wasu siraran layuka masu sheƙi, kamar an ja majina da tsinke, sun fito daga ƙarƙashin ciyawa sun shiga cikin tsiro. Ya ɗaga ciyawar. Ina buɗe rumfa na ga mutum ya taho yana taku ɗaya-ɗaya, hannunsa a miƙe, da katantanwa a tafinsa ta fito da ƙahonni tana dube-dube.

"Lukumanu," ya ce, "matattun nan sun tashi."

Na ce masa ai sai ya yi musu barka da zuwa, shi ya yi musu jigilar jaki.

Muka je na gani da idona. In na ce dubu zai ce na ƙara, to bari in ce ba wurin sa ƙafa. Ga masu gida a baya, ga kuma wasu da ban taɓa lura da su ba, tsirara, ba gida ba komai, kamar an yanko leɓen saniya an ajiye yana tafiya. Ashe abin nan zafi ba ya kashe shi haka kawai. In ƙasa ta bushe sai ya nemi inuwa, ya shige ganye ko ya nutsa ƙasa, ya janye jikinsa can cikin gida, ya toshe ƙofar da farin murfin nan, ya yi barcinsa wata da watanni yana jiran danshi. Marasa gidan su kuma sai su bi tsagar ƙasa su gangara inda sanyi ya rage su lafe. Haladu ya kwaso su suna barci, ya shimfiɗa su, ya yi musu rumfar ciyawa, ya dinga sauke musu ruwa kowace yamma, sannan ya shuka musu salak a bakin ƙofa. Damina sosai ya yi musu a tsakiyar bazara. Ko surukai ba a yi wa wannan hidima.

Wani zai karaya, Haladu kuwa cewa ya yi yanzu da ya san abokin faɗan magana ta ƙare. Ya fara da tsince su da hannu, ya cika ƙwarya, gobe ya tarar kamar bai taɓa ba. Ya ji an ce gishiri na narkar da su, ya kwashe na Badi'a ya barbaɗa. Ya narkar da su kuwa, ya haɗa da lansir ɗin. Badi'a ta ɓoye sauran gishirinta a cikin tulu, ta ce in ya sake taɓawa shi zai sha miyar lami har Sallah. Ya kewaye fangali da toka, ruwan yamma ya wanke ta. A tsakanin nan aka ga wata, azumi ya kama, rabin lambun ya tafi.

Abin da ya cece shi tsumma ne. Yana da wani tsohon buhu da yake jiƙawa ya ɗora a ka saboda rana. Wata safiya ya manta shi a jiƙe a gefen kunya. Da rana ta take ya dawo nema, yana ɗagawa ya ga dodannin koɗi sun cunkushe a ƙarƙashi, kan wani kan wani, kamar fasinjan motar kasuwa. Kusa da wurin kuma, a kan busasshiyar hanyar da ke tsakanin fangali biyu, ga wani marar gida da rana ta riska bai kai inuwa ba, ya ƙanƙance ya bushe kamar guntun kilishi. Haladu ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Da ya zo ba ni labari cewa ya yi duk wannan lokaci yana da ma'aikaciya a sama wadda ba ta karɓar lada, shi kuma yana ta kare ɓarayi daga gare ta.

Daga ranar ya juya aikin gaba ɗaya. Ya kwashe ciyawar da ya lulluɓe ƙasa da ita ya ƙone. Ya daina ban-ruwan yamma, ya koma yi da sassafe, yadda shuka za ta sha ta ƙoshi, amma kafin rana ta faɗi saman ƙasa ya bushe ƙayau, abin da ke tafiya da yauƙi ba ya son takawa. Fangalin da ɓarnar ta fi yawa ya hana su ruwa sam, ya kafce ƙasar ya juya ta sama ya bar wa rana. Sannan ya bi gari yana roƙon tsummokara da yagaggun buhuna da matattun tabarmi, ya jiƙa ya shimfiɗa a gefe-gefe. Duk wanda ya fito yawon cin ganye, gari na yin zafi can zai gudu. Da tsakar rana sai Haladu ya bi yana ɗagawa yana kwashewa, ya juye a kan wani falalen dutse da ke bakin rafi, wanda a bazara ko ƙwai ka fasa a kai sai ya soyu.

Dabara ta ci. Sai dai ta jawo masa abin da ya fi dodon koɗi.

Kawu Hammadu da yamma yake zagayen fadama, bayan la'asar, sanda a kafaɗa. Lokacin kowane jigo na kuka, injin Uwaisu na tari in an sami mai, kowa jiƙe da gumi. Sai ya iso wurin ɗan ƙaninsa ya tarar da jigo a tsaye ba motsi, rabin lambu a bushe an kafce shi kamar za a yi gini, tsummokara ko'ina sai ka ce gidan mahaukaci, mai lambun kuma yana kishingiɗe gindin bishiya da rediyo a kunne. A fadamarmu mutumin da ba ya kan jigo da yamma ba shi da wani suna sai malalaci. Haladu zai tashi ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu ya amsa ya wuce. Shi bai tambaya ba, don ba ya tambaya. Haladu bai yi bayani ba, don bayanin sai ya fara daga cewa shi ya kwaso annobar da hannunsa, a kan jakin Baffa. Na ce masa ya faɗa kawai, kunyar yini ɗaya ce. Ya ce ganye zai yi magana in ya girma. Na ce ganye ba ya sauri, Uwaisu kuwa kullum yana gidan Kawu da goro.

Wata yamma Kawu ya tsaya a rumfata, abin da bai saba ba. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi uwata, ya tambayi azumi, na tambayi shanu. Sannan ya ce, "Ka gaya wa abokin wasanka ya cire jigonsa ran Juma'a. Uwaisu zai shiga."

Duk tsiyar da ke tsakanina da Haladu, wannan saƙo bai yi mini daɗin ɗauka ba. Na same shi a gida ana shirin shan ruwa, na faɗa masa ba ƙari. Badi'a na jin mu daga madafa, na ji ludayi ya tsaya. Haladu ya kalli ƙasa, wadda daga inda kansa yake tafiya ce mai nisa. Can ya ce in koma in ce wa Baffa ya ji, kuma zai cire, amma yana roƙon arziki ɗaya: Baffa ya zo lambun gobe da rana tsaka.

Na tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa. A kira dattijo mai azumi ya fito a tsakiyar ranar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa? Ya ce abin da zai nuna ba ya ganuwa sai a wannan lokacin. Na kai saƙon, na ɗan gyara shi a hanya, na ce wa Kawu yaron nan ya ce akwai amanar da ba zai iya mayarwa ba sai rana na bisa kai. Kawu ya ce, "To."

Ya zo kuwa, da malafa, ni ina biye da shi da buta ko da zai buƙaci jiƙa kai. Fadama tsit, ba kowa, iska kamar daga bakin tanda. Haladu ya durƙusa ya yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya matsa ya ɗaga wata tabarma. Kawu ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya tona tarin da bakinta.

"Daga ina?" ya ce.

"Daga kwazazzabo, Baffa. Ni na kawo su, cikin ƙasar da na ɗebo. Na ɗauka matattu ne."

Ya kwashe su a ƙwarya muka bi shi zuwa falalen dutse, ya juye. Marasa gidan suka yi ta murɗewa, kafin a jima sun motse. Masu gidan suka shige ciki suna fitar da kumfa a ƙofa. Haladu ya yi bayaninsa a taƙaice, abin da ban taɓa jin ya yi ba: ruwan yamma shi ke tashinsu ya ba su hanya, na safe kuwa shuka ce kaɗai ke morarsa, busasshen ɓangaren nan kuma ba watsar da shi ya yi ba, rana ya bar wa ta gama aikinta. Sai ya ciro wata busasshiyar katantanwa daga aljihu, mai farin murfi, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce wannan kam ta mutu. Haladu ya karɓi butar hannuna, ya zuba ruwa kaɗan a ƙoƙo, ya sa ta ciki, ya ajiye a inuwa.

Muka zauna jira. Ni na fara tunanin in wannan ɗaya ta zama matacciyar gaske, to Haladu ya gama yawo. Har na matsa kusa na ce mata a hankali ta taimaka ta tashi, auren mutum na hannunta. Haladu ko gezau, ya harɗe hannu kamar wanda ya yi alkawari da ita tun jiya. An daɗe, har inuwar ta ɗan gusa, sai murfin ya yi laushi ya tsage, ƙaho ɗaya ya leƙo, na biyu ya biyo.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya tashi ya zaga ɓangaren da ya tsira, inda salak ya fara naɗe kai, lansir kuma ya yi kore, ba huda ko ɗaya a sabon ganye. Ya tura yatsa cikin ƙasa, sama a bushe, ƙasa da danshi. Ya tambayi Haladu abin da ya hana shi faɗa tun farko. Haladu ya ce kunya. Kawu ya mayar da sanda kafaɗa ya kama hanya, bai ce an fasa ba, bai ce ba a fasa ba.

Ran Juma'a da hantsi na rufe rumfa na tafi, don ko za a cire jigo ai sai da mai riƙewa. Na tarar Uwaisu ya riga ni, ya naɗo tiyonsa ya ajiye a bakin shinge yana jira. Haladu ya gama ban-ruwansa na safe, ya wanke guga ya rataye, yana tsaye jikin jigon bai taɓa igiya ko ɗaya ba. Ya ce shi da bakin Baffa aka ba shi, da bakin Baffa zai cire.

Can sai ga Kawu, sandar a hannu ɗaya yau, ɗaya hannun kuma rungume da wani abu a cikin fasasshiyar ƙwarya. Da ya matso muka ga ɗan dashen mangwaro ne, da ƙasarsa. Uwaisu na ganin haka ya sunkuya ya fara ɗaukar tiyonsa. A wurinmu ba a dasa itace a ƙasar aro. Ka shuka abin da za ka cire a shekara, amma bishiya sai mai wuri, don ita ce shaidar da ke tsayawa bayan mutane sun tafi. In mai ƙasa ya miƙo maka dashe da hannunsa, ya gama magana.

Haladu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Na zaci godiya zai fara, sai na ga yana shinshina ƙasar, baƙa wuluk, mai laushi.

"Baffa, a ina aka ciro shi?"

"Kwazazzabo," in ji Kawu. "Can suke tsirowa."

Haladu ya nemi gafara, ya ɗauki ƙwaryar ya fita da ita bayan shinge, ya zauna a kan falalen dutse ya shiga marmasa ƙasar da yatsa a hankali, kada ya ji wa saiwa. Kawu ya bi shi ya tsaya a kansa. Ba a jima ba ya zaro katantanwa ɗaya mai farin murfi, ya ajiye a rana, ya sake zaro wata. Kawu ya tsuguna, ya jingine sandarsa, ya ce ya matso da ƙwaryar, ta wancan gefen akwai saura.